Sunan da Na Ɓoye Ban Goge Ba

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan kuma faɗi na kowa ba, kuma in kun karanta za ku gane dalili. Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, ina da ɗan shago a Nyanshegu, nan Tamale, inda nake buga wa mutane takardu, in cike musu fom a intanet, wani lokaci in haɗa wa 'yan kasuwa shafi. Kwas na shekara biyu na yi a kan kwamfuta, amma a unguwarmu wannan ya isa a riƙa kirana injiniya. Na ji daɗin kiran har na fara yarda da shi. Duk wanda ya zo da tambaya sai ya tafi da amsa, ko na sani ko ban sani ba, domin ba abin da na ƙi jini kamar a ji bakina ya ce ban sani ba.

Ƙanwar mahaifina nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Gurugu. Gwaggo muke ce mata. Tun tana aiki mata suke bin ta gida da abin da ba sa iya faɗa a gaban likita, kuma da ta bar aiki sai suka ƙaru. Da na ga tana maimaita amsa ɗaya sau goma a sati, ni na ba ta shawarar mu buɗe shafi. Mace ta turo tambayarta ta waya, Gwaggo ta rubuta amsa da Hausa mai sauƙi, ni kuma in ɗora don wasu su amfana. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta yarda, kuma sharaɗi ɗaya ta kafa mini, cewa sunan kowa ba zai fito ba. Na rantse mata. Ita a saman kowace wasiƙa takan rubuta sunan mai ita da unguwarta da sana'arta, don ta san wadda za ta bibiya. Ni kuma sai in kwafe duka in liƙa a shafin, in sa wa layin saman alamar da ke hana shi bayyana a allo. Mai karatu ba ya ganin komai. Amma layin yana nan a cikin shafin, kwance a ƙarƙashi. Na san ɓoyewa daban gogewa daban. Lalaci ne kawai, da tunanin cewa ba wanda zai leƙa can.

Shekara biyu muna haka lafiya. Sai aka shiga yayin ƙirƙirarriyar basira, kowa yana tambayar waya tana ba shi amsa kamar mutum. Na ci karo da tallar wata manhaja da aikinta shi ne kwasar shafuka. Ka ba ta adireshin shafi, ta shiga ta kwashe duk rubutun da ke ciki, ta jera shi, ta miƙa wa mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira don ya riƙa amsawa daga ciki. Tallar ta yi ta yabon kanta da sauri da sauƙi, wai ko wanda bai iya komai ba zai haɗa cikin minti kaɗan. Ko kalma ɗaya ban gani ba a gaban tallar da ke cewa ka duba abin da ke ɓoye a shafinka tukuna. Na haɗa, na yi wa mataimakin tambayoyi kamar goma, a kan hawan jini da shayarwa da zazzaɓin yara, ya amsa da irin kalaman Gwaggo har na yi dariya ni kaɗai. Ban buɗe rubutun da manhajar ta kwaso na karanta ba. Da na nuna wa Gwaggo ta tambaye ni ko abin yana ganin sunaye, na ce mata ba ya gani. Muka raba lambar mataimakin a zaurukan WhatsApp na unguwannin zango, aka yi ta sa mini albarka.

Cikin matan da suka taɓa rubuto wa Gwaggo akwai wata mai koko da ƙosai a Nyohini, kusa da wani masallaci. Duk wanda ke bin hanyar da safe ya san layin da ake yi a gabanta. Tana da farfaɗiya tun tana budurwa, tana shan magani, kuma ta yi shekaru ba ta faɗi ba. Mijinta kaɗai ya sani, sai Gwaggo. Ta rubuto ne tana tambaya ko za ta iya azumi da maganin. Sati uku da fara aikin mataimakin, wani direban yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya tambaye shi ko ana ɗaukar farfaɗiya ta abinci. Mataimakin ya ba shi amsa daidai, cewa ba a ɗauka, sannan don ya kwantar masa da hankali sai ya kawo misali, ya ambaci matar da cikakken sunanta, da unguwarta, ya ce ga ta nan tana sayar da koko shekara da shekaru da wannan ciwo ba wanda ya kamu. Direban ya ɗauki hoton allon ya tura wani zaure. Kafin la'asar hoton ya zaga gari.

Kun san yadda mutanenmu suke da wannan ciwo. Wanda ya yi karatu ma in ya ga mai shi ya faɗi, ja da baya yake yi, wai kada miyau ya taɓa shi. Washegari layin ya ragu, kwana uku bayan nan kokon yana hucewa a tukunya. Iyaye suka hana yaransu tsayawa a wurinta a hanyar makaranta. Wata da ta shekara tana saye ta dawo da ƙosan da ta saya ta ajiye a gefen tebur.

Mijin ne ya zo shagona, bakanike ne, hannunsa duk baƙin mai. Ya ɗora wayarsa a kan teburina ya ce in karanta, in kuma gaya masa inda na'urata ta samo sunan matarsa. A nan ne na yi laifin da ya fi na farko. Na gyara zama na ce masa abin ba zai yiwu ba, domin babu suna ko ɗaya a shafin, na buɗe masa ya gani da idonsa. Na ce irin wannan hoto ana iya ƙirƙirarsa, ya je ya binciki wanda zai amfana in kasuwar matarsa ta mutu. Ban ambaci kowa ba, amma akwai wata mai koko a tsallaken titi, kuma na san inda hankalinsa zai tafi. Ya tafi can ɗin. Aka yi cacar baki a bainar jama'a, aka kira matar nan munafuka, alhali ko WhatsApp ba ta da shi.

Yana fita na buɗe rubutun da manhajar ta kwaso, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ga su nan a jere, kowace wasiƙa da sunan mai ita a sama, fiye da ɗari. Mai ciwon yoyon fitsari, mai shan maganin tazarar haihuwa, wadda mijinta ke dukanta. Manhajar ba ta damu da abin da na ɓoye wa ido ba, duk abin da ta tarar ta kwashe. Na kashe mataimakin, na goge layukan, na rufe shago na koma gida. Sannan na yi shiru har kwana tara.

A cikin kwanakin nan tara Gwaggo ce ta sha wuyar. Da aka gane hoton ba na ƙarya ba ne, sai magana ta koma kanta, wai tana sayar wa Turawa asirin mata. Mata suka riƙa zuwa ƙofar gidanta, wasu suna kuka wasu suna zagi, kowa na tambayar ko nata ma ya fita. A wajen wani bikin suna Gwaggo ta zauna a tabarma, waɗanda ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar. Duk ina ji, kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce ana kan bincike.

A rana ta goma ta zo shagona da hantsi, ta zauna a bencin kwastomomi, ta ce in buɗe kwamfuta zan buga mata takarda. Takardar neman gafara ce za a karanta a wajen karatun mata. Ta fara faɗa ina bugawa. Ta ce ita ce ta yi sakaci, wataƙila tsufa ne ya sa ta tura suna inda bai kamata ba, kuma kada a ɗora wa ɗan wanta laifi domin shi taimako ya yi. Na buga layi biyu yatsuna suka tsaya.

Na ce, "Gwaggo, ba ke ba ce. Ni ne ban goge sunayen ba."

Ta dube ni ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na faɗa mata. Ta ƙirga kwanakin a yatsunta a hankali, ta miƙe, ta gyara mayafi. Ba ta zage ni ba. Ta ce in rufe shagon in biyo ta, yau zan maimaita maganar a gaban masu ita.

Muka fara da mai kokon tsallaken titi, wadda ta ce ta bar ni da Allah ta juya mana baya. Sannan muka shiga gidan matar da na tona. Mijin ya so ya kai mini hannu, maƙwabta suka riƙe shi, ya ce da bai san darajar Gwaggo ba da ban fita da ƙafafuna ba. Ita matar tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, tukwanen kokon a kife a gefe. Na yi ta bayani a kan manhaja da layi da alama, ta bar ni na gama. Sai ta tambaye ni ko na taɓa karanta wasiƙarta. Na ce ban karanta ba. Ta ce ta yi kwana huɗu tana rubuta ta tana gogewa kafin ta iya turawa, ashe wanda aka damƙa wa ko kallonta bai yi ba. Ta ce ba ta yafe ba, kuma kada in sake aiko mata da kowa a kan maganar.

Na rubuta wa masu manhajar. Amsar da ta dawo ba mutum ne ya rubuta ta ba. Da na nace sai wani ya turo layi uku, cewa su abin da ke buɗe a shafi suke ɗauka, alhakin abin da ke ciki na mai shafi ne, kuma yana yi mini fatan alheri. Ina da laifi, ban musa ba. Amma har yau ina jin haushin mutanen da za su ƙera abin da ke shiga shafin kowa ya kwashe ba sallama, su sayar da shi da sunan sauƙi, in ya yi ɓarna su ce ba ruwansu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na duba tarihin masu ziyarar shafin, na tarar ba tawa kaɗai ta shiga ba. Wasu manhajoji irinta, waɗanda ban gayyata ba, ban ma san na waye ba, sun daɗe suna shigowa suna kwasa. Na goge nawa. Nasu ban san inda yake ba, ban san wanda zan roƙa ba, kuma ban san ranar da wani zai yi wata tambaya a wani wuri sunan wata ya sake fitowa ba.

Matar ba ta koma sayar da koko ba. Na ji yanzu gawayi da sabulu take sayarwa a ƙofar gida, abin da ba a kai wa baki. Na tsaya a wajen karatun matan na faɗi gaskiya, wasu sun dawo wa Gwaggo, da yawa ba su dawo ba. Ta sa an rufe shafin gaba ɗaya. In na gaishe ta tana amsawa, tana tambayar iyalina, amma ko takardar gayyatar biki wani shagon take kaiwa.

Na rubuto ne saboda ina ganin matasa irina suna haɗa irin waɗannan abubuwa ga masallatai da makarantu da ƙungiyoyin mata, suna murna kamar yadda na yi. Kafin ka ba na'ura adireshin shafi, ka zauna ka karanta abin da za ta ɗauka layi-layi, ko zai ci maka sati. Abin da ba ka so ya fita kada ka ɗora shi, domin waɗannan manhajoji ba su san kunya ba, ba su san amana ba. Ku kuma iyaye mata da kuke tura damuwarku ta waya, ku tambaya ina za ta kwana, kuma kada ku yarda da amsar wanda ya ce ba komai tun kafin ya duba. In kuwa har ɓarnar ta faru ta hannunka, ka faɗa a ranar. Kuskuren na'urar mace ɗaya ya taɓa. Sauran biyun, Gwaggo da mai kokon tsallaken titi, shirun da na yi da ƙaryar da na yi ne suka cuce su, kuma wannan ba manhajar da zan ɗora wa.