Abin da Ke Kayar da Jikata

Da daminar da jikata ta shiga aji huɗu ta fara faɗuwa. Ranar farko a tsakar gida ne, uwarta na tankaɗe. Ta sulale ƙasa, ƙafafu na karkarwa, idanu a rufe gam. Na tofa mata abin da ya sawwaƙa. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa kamar ba a yi komai ba.

Nan da nan unguwarmu a Lakwaya ta yanke hukunci, wai farfaɗiya ce. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu sa hannu a kwano ɗaya da ita, wai ana ɗauka ta yawu. Ubanta ya ce ta bar makaranta, kada ta faɗi a hanya. Wannan ya hana ni sukuni, don yarinya ce mai son karatu. Na yi mata rubutu ta sha, abin bai tsaya ba.

Muka kai ta asibiti a Kano, aka liƙa mata wayoyi a ka. Likitar ta ce ƙwaƙwalwarta lafiya lau.

"To ƙarya take yi ke nan?" in ji uban.

"A'a, ba da gangan take yi ba." Likitar ta juyo gare ni. "Baba, me ya faru kafin ta fara?"

Na ce ban san komai ba. Sai uwar ta ce a hankali, "Sai dai ƙawarta da ta faɗa kududdufi."

Mu a wajenmu ba a gaya wa yaro mutuwa. Cewa aka yi ƙawar ta tafi Kabo wajen gwaggonta.

Washegari bayan la'asar na zaunar da jikata a zaure.

"Amaryata, ƙawarki fa ba Kabo ta je ba."

"Na sani, Malam. Ina bayan danga na ga an fito da ita a tabarma. Kowa ya ce tafiya ta yi, sai na ɗauka in na faɗa dukana za a yi."

Ta yi kuka har aka kira magariba. Muka yi wa marigayiyar addu'a tare.

Da ƙyar uban ya bari ta koma makaranta. Faɗuwar ta ragu, amma ba ta ƙare ba, kuma ya ce in ta faɗi a hanya, an gama da karatun. Shi ya sa lokacin tashi nakan tsaya a bakin titi, ina jan carbi, ina duba hijaban da ke tahowa.