Ƙafar Malam Salisu

Sunansa na baftisma Ishaya, amma a Batsari kowa Jinjiri yake kiransa, sunan da kakarsa ta laƙaba masa. Ɗinkin takalmi yake yi a bakin kasuwa. Shi da ƙanensa Bulus sun taso ne a wata unguwar Kiristoci mai gidaje tara, kusa da Wagini. Da 'yan bindiga suka ƙone rumbunan unguwar, sai suka ɗauko tsohuwarsu suka dawo cikin gari.

A shekarar ne wasu sistocin Katolika su uku suka kama hayar ɗaki biyu, suna zuwa Talata da Juma'a duba 'yan gudun hijira. Babbarsu, Sista Rifkatu, ta nemi masu taimako a coci. Mutum huɗu suka fito, har da Jinjiri. Jinjiri ya ce shi bai yi boko ba, sai ta dubi hannunsa ta ce wanda ya iya riƙe basilla zai iya riƙe almakashi. Ta koya masa wanke gyambo da ɗaure bandeji.

Yawancin waɗanda ake kawo masa daga daji aka sako su. Tafin ƙafa a tsage, ƙaya ta ruɓe a ciki, idon sawu kuma marin ƙarfe ya cinye har ana ganin fari. Yakan zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafar mutum a cinyarsa, ya yi ta aiki ba magana.

Da kakar wake aka ɗauke Bulus a gona. Daga nan Jinjiri ya fara magana. Duk wanda ya wanke wa ƙafa sai ya tambaye shi a hankali, “Ko ka ga wani dogo mai wushirya a can?” Wata huɗu amsar ɗaya ce: ba wanda ya gan shi.

Wata Talata da hantsi aka kawo Malam Salisu, malamin Islamiyya daga Zakka, a kan babur, an riƙe shi ta baya. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura har gwiwa, tana wari. Jinjiri ya yi masa sannu, ya jiƙa auduga, ya yi tambayarsa.

Malam Salisu ya daɗe yana kallonsa. “Kai ne yayan Bulus? Mai takalmi?”

“Ni ne, Malam.”

“Mari ɗaya aka sa mana. Ƙafata ta hagu, tasa ta dama. Kwana hamsin da wani abu, in zan yi sallah sai ya tashi tare da ni, ya tsaya, ya durƙusa, don kada ƙarfen ya ja ni. Zawo ne ya kama shi. Kwana shida ya yi. Ya riga mu gidan gaskiya, bawan Allah.”

Audugar na hannun Jinjiri, bai ajiye ba.

“Sai washegari suka buɗe marin,” in ji Malam Salisu. “Mu uku muka haƙa. Ban san yadda kuke yin naku ba. Na lulluɓe shi da rigata, na roƙi Allah da abin da na sani. Ka yafe min in na yi ba daidai ba.”

Sista Rifkatu ta matso ta ce, “Baba Jinjiri, tashi, zan ƙarasa.”

Ya girgiza kai. Ya wanke ƙafar tas, ya yanke mataccen nama, ya ɗaure. Sannan ya zagaya bayan ɗakin ya yi ta amai.

Ya kwana uku bai gaya wa tsohuwarsu ba. Ranar da ya faɗa, ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba za a yi zaman makoki a gidanta ba. Fasto da Fadan Katolika duk sun zo, ta gaishe su, ta koma tankaɗen garinta. Matar Bulus, Talatu, ita ce ta yi kukan, bayan wata biyu kuma ta kwashi yaranta ta koma wurin danginta a Malumfashi.

Ƙafar Malam Salisu ba ta yi ba. An kai shi Katsina aka yanke ta daga gwiwa. Da ya dawo Zakka, Jinjiri ya hau babur ya je gaishe shi sau biyu, har mutanen gidan suka san shi, suna shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ba su taɓa sake yin maganar dajin ba.

Da damina ta kama aka tare motar sistocin a hanya, aka harbi direbansu a kafaɗa. Shugabanninsu suka ce su dakata da zuwa. Sista Rifkatu ta aiko wa Jinjiri makullin ɗakin da kwali biyu na bandeji. Sauran masu taimakon uku suka bar garin.

Yanzu shi kaɗai yake buɗe ɗakin. Bandejin ya ƙare tun kafin girbi. Tsofaffin zannuwa yake karɓa wurin matan coci da maƙwabta, ya tafasa su, ya yayyaga, ya wanke miki da ruwan gishiri. Wanda ya ga ƙafarsa ta fara baƙi, yakan ce wa 'yan'uwansa su wuce da shi Katsina yau ɗin nan, kada su jira gobe.