Injin da Ya Kwaikwayi Hannun Kaka

Duk lokacin da na ji ƙaurin dalma a shagon masu gyaran waya, sai in tuna da zauren gidanmu a Lafia, da wata damina da katako ya sha ruwa har ƙofofi suka daina rufuwa.

Kakana kafinta ne. Shi ke sassaƙa furanni a allon gado, har daga Obi ake zuwa nemansa. Amma a waɗancan shekarun hannunsa ya fara rawa. Kowa a gida ya gani, ba wanda ya faɗa. Idonsa ya yi rauni, shi ya sa bai lura da rawar ba. Masu saye kuwa sai suka riƙa raguwa.

Baffana, ƙanen mahaifina, gyaran injin fotokwafi yake yi. Ya tara matattun firinta a bayan zaure, yana ciro ƙananan injuna masu juyi da yake kira moto, da fanel ɗin da ke ba su umarni. Ya ɗaura su a kan ƙarafan tsohon gado, ya haɗa da wata kwamfuta da aka yar. Kaka kan wuce ya ce, "Bola ta samu mai gida."

Nufin Baffa shi ne Kaka ya riƙa zane a takarda kawai, inji ya yi sassaƙar. Kaka ya zana fure, Baffa ya bi layin ɗigo-ɗigo ya shigar a kwamfuta, bai canza komai ba don girmamawa.

Ranar da aka kawo wuta bayan la'asar, muka taru. Ƙarfe ya yi kuka, ya motsa ba hannun kowa a kansa. Goggona ta ja da baya tana salati. Garin katakon maɗaci na tashi, fure na fitowa.

Da ya tsaya, Kaka ya shafa katakon da yatsa, ya yi dariya.

"Injinka tsoho ne. Hannunsa na rawa."

Baffa ya sunkuyar da kai. Kaka ya sake bin layin, a hankali wannan karon. Sai ya ɗaga hannunsa na dama kusa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Ya naɗe kurfinsa na sassaƙa a tsumma, ya miƙa wa mahaifina. Bai ƙara riƙe shi ba.

Yanzu da furfurata nake zuwa makarantar yaƙi da jahilci, shi ya sa na iya rubuta maka wannan. Irin injin nan ya yawaita a gari. Ɗana ya ce na yanzu suna miƙe layi da kansu, ko mai zanen bai roƙa ba. Da irinsu Baffa ya haɗa, da Kaka ya rasu yana zaton hannunsa lafiya lau. Har yau ban san wanne zan zaɓa masa ba.