Ɗorawar Inna a Hanyar Bututu

Ina koyarwa a firamaren Kahu lokacin da masu binciken muhalli suka zo, shi ya sa dagaci ya aiko in zauna da baƙi. Za a bi da bututun iskar gas ta gonakin bayan gari, a gina masa ƙaramar tasha, kuma wai doka ta ce sai an ji ta bakin jama'a. Mulkin farar hula ke nan, kowa da bakinsa. Haka dai aka ce mana.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, maza zalla. Baƙin suka tambayi rijiyoyi da maƙabarta da burtalin Fulani. Daga nan shugabansu ya ce duk bishiyar da wani ke ci da ita, a faɗi sunan mai ita a gaban shaidu, a rubuta, in da hali a kauce mata.

A gonar kawuna akwai ɗorawa uku. Gonar tasa ce, amma bishiyoyin na Inna ne, mahaifiyata, haka rabon gado ya faɗa. Da kalwarsu take yin daddawa tun kafin a haife ni, har daga Rano ake aiko mata. Kawu kuwa ya daɗe yana mitar inuwarsu na kashe masa dawa, sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Saura ni. To ni ɗan fari ne, tsakanina da Inna sai kunya. Ban taɓa furta sunanta ba, ita ma ba ta kiran nawa. In buɗe baki a gaban dattawan gari in ambaci sunan uwata? Na ce a raina bari a watse in raɗa wa mai rubutu. Aka miƙo takarda na sa hannu a matsayin shaida, aka kira la'asar, kafin mu idar motarsu ta tashi.

Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Mutane da tulin karatu, ba wanda ya ce ina matan garin nan. Ni kuma malamin makaranta guda, na zauna kamar an ɗinke mini baki.

Bayan damina biyu masu aiki suka iso da injin yanka itace. Inna ta yafa mayafi da rana tsaka ta tafi gonar, ni da ƙanwata muna biye. Ta ce wa injiniyansu bishiyoyin nata ne. Mutumin bai yi mata tsawa ba, littafi kawai ya buɗe ya miƙa mata. Ba ta iya boko ba, sai ta tura mini ba tare da ta dube ni ba. Na karanta mata: ɗorawa uku, ba mai su. A ƙasa ga sa hannuna.

Ta daɗe tana kallon injin. Sannan ta juya wajen ƙanwata.

"Ce wa yayanki ya ɗauko gatari. Ko itacen ne kada ya wuce mu."