Matar da ke Gefen Hoto

Ban taɓa mantawa da ranar da wani mai fataucin albasa ya shigo ɗakin baje kolinmu a Madawa, ya tsaya gaban hoto ɗaya ya ƙi gusawa ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ga yadda abin ya faru.

A lokacin ni ce mai kula da kaya a gidan adana kayan tarihi, ina ƙarƙashin shugaban sashe, wanda muke kira mushe direkta, wato "monsieur" na Faransanci. An shirya baje kolin rayuwar wani marigayi tsohon shugaban ƙasa da iyalinsa, aka ce kada a bar shi a babban birni kaɗai, a zagaya da shi cikin ƙasa. Bayan girbi aka loda mana akwatuna a mota, muka yi Keita, muka yi Buza, sannan muka sauka Madawa, inda aka ba mu babban ɗaki a gidan al'adu. Kayan ba su da yawa: babbar rigarsa, tabarau, rediyon da yake saurare, allon da ya yi karatu da shi yana yaro, 'yar kujerar tsuguno ta matarsa, sai hotuna da iyali suka ba mu aro.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane abu da muka baje yana da lamba, yana da 'yar takardar bayani da ake mannawa a ƙasansa, da Faransanci da Hausa. Kwamiti ke rubuta bayanin, iyali su duba su amince, direkta ya sa hannu. Mai kula da kaya ba ta da ikon canza ko harafi ɗaya. Nata shi ne ta kai kaya lafiya, ta baje, ta yi wa baƙi bayani, ta maido lafiya.

Hoton da nake magana an ɗauke shi tun marigayi yana ƙaramin ma'aikaci a wannan yanki, da daɗewa kafin kowa ya san sunansa. Yana zaune da matarsa a kan benci, 'yan mata ƙanana a gabansu. Can gefe, kusa da bango, wata matashiya tana tsaye da ƙaramin yaro a kafaɗa, tana kallon ƙasa. Bayanin ya ce: marigayi da iyalinsa, tare da mai aikin gidansu.

Mutumin ya shigo da hantsi, ranar kasuwa. Dattijo ne, ya fara furfura, rigarsa tana ƙamshin albasa. Bai kalli riga ba, bai kalli allo ba, kai tsaye ya nufi hoton kamar wanda aka yi wa kwatance. Da na ga ya daɗe, sai na matsa na gaishe shi.

Ya amsa a hankali, sannan ya ce, "Madam, wa ya rubuta wanga abu?"

Na ce kwamiti ne, a babban birni.

Ya ce, "Wagga mata da ke tsaye uwata ce. Tana nan da ranta, a ƙauyenmu kusa da Urno. Ba ta taɓa yi ma kowa aikatau ba."

Na jawo masa kujera. Sunansa Malam Mamman. Ya ce wani ɗan garinsu ne ya zo kallo, ya gane tsohuwar saboda zanen fuskarta, ya ɗauki hoton da waya ya aika gida. Kafin maganar ta zagaya gari, "mai aikin gida" ta koma "baiwa". Wanda bai zauna a wannan yanki na Adar ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A nan kuwa kalmar tana da nauyi har yau, don akwai gidajen da ba su manta wanda kakanninsa suka zauna ƙarƙashin wani ba, kuma lokacin aure ne ake tono irin wannan. Ɗiyar Malam Mamman an sa mata rana da wani yaro na Tamaske, ita tana so, shi yana so. Sai ga kawun yaron ya aiko cewa a dakata tukuna, suna bincike.

Na tambaye shi, to me ya kai mahaifiyarsa cikin hoton?

Ya ce, "Yaron da ke kahwaɗarta ɗan marigayi ne. Nono guda muka sha da shi. Abin da na sani ke nan. Sauran sai ita."

Na gaya masa gaskiya, cewa ba ni da ikon taɓa takardar, amma zan kira shugabana. Bai yi faɗa ba. Ya ce zai jira a bakin ƙofa, kuma ya jira.

Mushe direkta mutum ne mai tsare ƙa'ida, amma yana saurare. Da na gama, ya ce, "Madam Zainabu, ba ma canza bayani da bakin mutum ɗaya. Gobe wani zai zo ya ce rigar ma ta kakansa ce." Na ce haka ne, amma ga aure yana neman lalacewa. Sai ya ce in rufe takardar da farar takarda kafin a tabbatar, in ɗauki direba in je in ga tsohuwar da kaina, shi kuma zai nemi babbar ɗiyar marigayi, wadda ke magana da yawun iyali.

Rufe takardar bai taimaka ba. Kafin la'asar kowa ya shigo sai ya tambayi abin da aka ɓoye, wasu har suna ƙoƙarin ɗaga gefen takardar da farce.

Washegari muka kama hanyar Urno da Malam Mamman. Mun bar kwalta, muka bi ta cikin gonakin da aka gama girbe, karan dawa a tsaye, rumbuna cike. Muka sami Inna Habsu a inuwar rumfa tana tsince wake a faifai. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Na nuna mata hoton a waya, na ƙara girmansa. Ta kai shi dab da fuska, ta daɗe, sannan ta yi 'yar dariya.

Ta ce, "Wanga zane na Habi ne, maƙwabciyata. Aro na yi don hoto."

Ta ba ni labarin ba tare da gaggawa ba. Mijinta magini ne, a lokacin suna zaune a Madawa, katanga ɗaya ta raba su da gidan baƙon ma'aikacin. Ita tana goyon Mamman. Matar ma'aikacin ta haihu, ciwo ya kama ta, aka kai ta asibiti nesa, jariri ya ƙi madarar gwangwani, yana ta ramewa. Ma'aikacin da kansa ya zo ya yi sallama a zaure, ya cire takalmi, ya roƙi mijinta. Mijin ya shigo ya tambaye ta, ta ce a kawo yaro.

"Guda a dama, guda a hagu," in ji ta. "Ko da uwar ta warke ta komo, ya ƙi ta. Har yaye a wurina yake kwana. Ni na sa mishi Tanko, don mata ne a gabanshi."

Da aka yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, aka ɗauki hoton nan ranar ban kwana. Ta ce kallon ƙasa da take yi, kuka ne take ɓoyewa. Bayan shekaru ta ji sunansa a rediyo, ya zama shugaban ƙasa. Na tambaye ta ko ta taɓa nemansu.

Ta ce, "In je in ce mi? Yaro ya ji yunwa, na ba shi. Su ma suna da hidimarsu."

Maganar baiwa kuwa ba ta dame ta kamar yadda ta dami ɗanta ba. Ta ce dai a gyara saboda jikarta. Da na tashi tafiya sai ta riƙe mini hannu, ta ce, "Ɗiyata, ke da ke aiki da su, ina Tanko? Ya yi iyali?"

Na san amsar. A bango na ƙarshe na ɗakinmu akwai hoton ɗan marigayi yana babban mutum, kuma bayanin ya nuna ya rasu shekarun baya bayan jinya. Ban ga ya dace wannan labari ya fito daga bakin baƙuwa mai shirin shiga mota ba. Na ce mata ya yi iyali, wannan gaskiya ne, kuma 'yan'uwansa za su neme ta. A hanya na gaya wa Malam Mamman. Ya yi salati, ya juya fuska wajen taga.

Da yamma babbar ɗiyar marigayi ta kira ni da kanta. Hajiya muke ce mata. Ta ce direkta ya yi mata bayani, kuma ta ɗauko nata hoton tana dubawa. Ta ce ita ce yarinyar da ke riƙe da gefen benci, ba ta tuna fuska, amma tana tuna cewa akwai wata Inna ta bayan katanga da ke ba su fura, kuma mahaifiyarsu har ta rasu tana cewa ba don matar magini ba da ba su da ɗan'uwa namiji. Suna ne ya ɓace musu. Da kwamiti ya kawo bayanin, su ma sun duba sun wuce.

Na gaya mata tambayar da tsohuwar ta yi. Sai ta ce, "Ki bar mini wannan. Ni zan faɗa mata."

Sabon bayani ya iso da sa hannun direkta da amincewar iyali kafin mu rufe. Ya ce: marigayi da iyalinsa, tare da Inna Habsu, maƙwabciyarsu, wadda ta shayar da ɗansu. Ni na manna shi. Kawun yaron Tamaske ya zo da kansa, ya sa aka karanta masa Hausar, ya sa wani ya karanta masa Faransancin don ya ji ko sun yi daidai, ya gyaɗa kai ya fita. An ɗaura auren kafin damina.

Hajiya ta zo ranar rufewa, ba tare da rakiyar manya ba, ita da wata ƙanwarta. Malam Mamman ya kawo mahaifiyarsa a motar haya. Muka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin hoton, don ba ta iya tsayuwa mai tsawo. Hajiya ta cire takalmi, ta durƙusa a gabanta, ta gaishe ta da Inna. Tsohuwar ta shafa fuskarta, ta ce, "Ke ce mai kukan wanka." Suka yi dariya su duka.

Sannan Hajiya ta riƙe hannayenta biyu ta ce, "Inna, na zo miki da gaisuwa wadda ta yi latti. Tanko ya riga mu gidan gaskiya. Ya kamata a ce ke aka fara aiko wa. Ki yafe mana."

Inna Habsu ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Can ta tambaya ko ya sha wahala. Hajiya ta ce ya yi jinya, amma ya cika cikin iyalinsa. Ta tambaya ko ya bar baya. Aka ce mata maza biyu da mace. Ta ce, "To, a kawo mini su in gani, tun ina gani."

Abin da ya biyo baya ba ya cikin tsarin aikinmu. Mutanen da suka shigo kallo, masu kasuwa, malaman lakwal, wato makarantar boko, matan unguwa, da suka ji abin da ke faruwa, sai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tsugunawa gaban tabarmar, suna cewa, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi." Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ja addu'a, duk ɗakin ya shafa. Malam Mamman ma aka yi masa gaisuwar ɗan'uwa. Lokacin rufe ƙofa ya yi ya wuce, mai gadi ya dube ni, na yi masa alama ya bari. Sai da tsohuwar ta ce a kai ta gida muka fara kwance hotuna.

Na yi shekaru ina ɗauka cewa aikinmu kula da kayan matattu ne, mu kare su daga gara da zafi da hannun yara. Madawa ta nuna mini cewa mutanen da ke cikin kayan nan suna da 'ya'ya da jikoki da ke yawo a kasuwa, kuma abin da muka rubuta a kansu yana bin su har gida. Manyan da ke tsakiyar hoto ba sa rasa mai faɗin sunansu. Ku dai idan aka miƙo muku hoto, ku duba wanda ke tsaye a gefe, ku tambayi ko wane ne, ku yi ta tambaya har a samu wanda ya sani. Idan ba a samu ba, ku rubuta cewa ba ku sani ba.