Rubutun da Iya ta zo nema

Jama'a, yau na samu kwastoma ta farko, kuma wallahi da ma ban samu ba!

Kun san tun da na bar koyarwa nake neman masu ba ni aikin rubutu, ko talla ko gyaran littafi. Shiru kake ji. Shi ne na liƙa takarda a ƙofar shagon yayana a Funtua: ANA YIN RUBUTU A NAN.

Ɗazu da hantsi sai ga ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa daga wani ƙauyen Bakori. Ta ce, "Kai ne malamin rubutu?"

Na ce, "Ni ne, Iya!" Har da goge mata kujera, na buɗe kwamfuta, baki har kunne.

Sai ta ajiye gorar ruwa a gabana, babu komai a ciki. Ɗanta ne kwance tun girbin masara, asibiti sun ce a koma gida. Ashe rubutun sha take so, a rubuta ayoyi a allo a wanke ta kai masa!

Na ce, "Iya, ni na boko nake yi, a cikin wannan na'urar."

Ta daɗe tana kallon kwamfutar. Ta ce, "To ɗana, ko shi ne a wanke mini. Na ce masa da magani zan dawo."

Yayana ne ya raka ta gidan liman.

Na yage takardar. Amma gorar tana nan kan teburina, ta manta da ita.