Yoyon Gidan Sama

Sana'ata a Kuala Lumpur dillanci ce. Ina nemo wa ɗalibai ɗakin haya, ina sayar da katifa da firji na hannu. Idan kuma banki ya ƙwace gida ya sa a gwanjo, wanda mutanen nan ke kira lelong, mukan shiga ni da wani abokin cinikina ɗan ƙasa. Sunansa ke hawa takarda, tunda ba a sayar wa baƙo ƙaramin gida. Zirga-zirgar da sa ido nawa ne.

A lelong ba a buɗe maka gida ka gani. Ƙofa za ka duba, ka ɗaga kai ka kalli baranda daga ƙasa, sauran ka ƙiyasta. In ba wanda ya taya, banki ya rage farashi ya sake sa rana. Saboda haka mu 'yan gwanjo gidan da ya yi muni daga waje muke so.

A shekara ta biyu ta korona, banki ɗaya ya ƙwace gida biyu a rukunin da nake zaune kusa da Bukit Jalil. Ɗaya a benen gaba, inda 'yan ƙasa ke zaune a gidajen kansu. Ɗaya a benen baya, namu na baƙar fata 'yan haya. Ana sassauta kulle aka turo masu shara da fenti gidan gaba, aka wanke baranda, har labule aka rataya masa. Na benenmu kuwa kwaɗo aka garƙama, aka manna takarda, aka tafi. Tattabaru suka tare a barandar. Daga baya bututu ya fashe a ciki.

Wanda ke ƙarƙashin gidan wani malami ne ɗan Katsina mai karatun digiri na uku, da matarsa da 'yarsu ƙarama mai ciwon asma. Silin ɗinsu ya yi baƙi da fumfuna, suka jera bokitai a falo. Mai gidansa ya ce ruwan ba daga nasa yake ba. Masu kula da bene suka ce makulli yana hannun banki. Ga kulle, ba inda za su kai yarinyar ta sha iska.

Wata rana da hantsi malamin ya tare ni a shagon mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, kowa da takunkumi, muna jiran a ƙunsa mana abinci.

“Alhaji, kai ne ka san mutanen bankin nan.”

“Haba Dakta, ina ni ina banki? Su dai suka san ni.”

“Bar Daktan nan tukuna, bari in fara tsira daga silin.” Ya yi dariya, sannan ya yi ƙasa da murya. “Tarin yarinyar nan ba ya barin ta barci. Ko famfon kawai su zo su rufe.”

Na ce ya ɗauka an gama.

Na kuwa kira wakilin da banki ya ba kula da gidajen, mun saba a wajen gwanjo. Na tambaye shi me ya sa aka gyara na gaba aka bar namu.

“Wancan benen?” in ji shi. “Ko an gyara mutanenku za su ɓata. Ban da kai, kai daban ne.”

Na yi dariya. Na sha jin irin wannan magana, kuma dariya ce ke buɗe mini ƙofofi a garin nan. Sai ya ce, “Amma yoyon ya yi tsanani ne? In ya yi, in tura mai gyara.”

An riga an sa gidan a lelong sau ɗaya ba wanda ya taya. Na san in aka tura mai gyara, za a haɗa da shara, a kori tattabaru, masu taya su dawo.

Na ce, “Ɗan ɗiga ne kawai.”

Da yamma malamin ya turo mini hotunan silin ɗinsa don in ƙara wa banki hujja. Na haɗa su da na kashin tattabaru, na tura zauren dillalai na waya, na rubuta cewa wanda ya sayi gidan nan ya sayi ƙara a kotu. Na gaya wa kaina lelong ya kusa, muna samu zan gyara da kaina. Sai aka sake tsananta kulle, aka ɗage ranar.

Kullum in na hau lif nakan roƙi Allah kada ya tsaya a hawansu. In ya tsaya, malamin zai shigo da bokiti ko ledar magani, ya ce, “Alhaji, shiru?” In ce, “Ka san su da mu.” Ya gyaɗa kai, don gaskiya na faɗa.

Aka kwantar da yarinyar a asibiti. Ba korona ba ce, amma likita ya ce kada a mai da ita gidan nan. Suka raɓe a ɗaki ɗaya wajen wani ɗan'uwa a Sri Petaling. Da jirage suka samu, ya tura matar da 'yar gida Katsina, ya ƙarasa karatunsa shi kaɗai.

Mu kaɗai muka taya gidan. Ran da muka fasa kwaɗon, mai gyaran famfo ya durƙusa a banɗaki, ya canja wani ɗan guntun bututu da bai kai tsawon tafin hannuna ba. Ko zama ban yi ba ya ce ya gama.

Ina saukowa na tarar da malamin a ƙofar tsohon gidansa, ya zo kwashe littattafan da ruwa bai ci ba. Ya ɗaga yatsa, ya kasa kunne.

“Yoyon ya tsaya,” ya ce. “Alhaji, ashe ba ka daina bibiya ba. Allah ya saka maka da abin da ka yi mana.”

Ya tsaya yana jiran amin ɗina. Na sunkuya na ɗauki kwali ɗaya, na tambaye shi ina ya ajiye mota.